Reza Mai Baki Biyu: Kowane Kai da Tasa

Garin Gure yana bisa babbar hanyar kwalta wadda ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa, tafiyar kilomita wajen 170 gabas da Zinder. Ƙasar Muniyo ce, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye suke cin kasuwa ɗaya. Harsunansu sun bambanta, tufafinsu ma haka, amma idan magidanci ya tuɓe hula ko ya kwance rawani, galibi kansa a aske yake tas. Zafin ƙasar ya sa haka, tsabtar addini ma ta sa. Saboda haka abin da ake aski da shi ba ƙaramar magana ba ce a wannan gunduma.

Tun kaka da kakanni aikin na wanzami ne, wanda Barebari ma suke kira wanzam. Sana'a ce ta gado, har a fadoji da yawa akwai sarautar Sarkin Aska. Wanzami yana yawo da zabirarsa a rataye, a cikinta akwai asake ƙirar maƙeri, da ƙaho, da dutsen washi. Shi ke aski da gyaran fuska, shi ke ƙaho da kaciya, shi ne kuma ake kira ranar suna ya aske gashin da jariri ya zo duniya da shi. Askarsa guda tana iya bi ta kan mutum goma tsakanin hantsi da azahar. Ya goge ta a tsumma ko a tafin hannu, ya wasa ta, ya kira na gaba. Ba wanda ya ga aibin haka a da, domin ba wanda ya san abin da ɗigon jini yake ɗauke da shi.

Ita kuwa ƴar siririyar reza da ake sayarwa a kowane tebur, wadda wasu suke kira lam da sunanta na Faransanci, daga Amurka ta fito. Wani ɗan tallan kayan kamfani mai suna King Camp Gillette ya yi tunanin aska wadda ba a wasawa, in ta dakushe a yar da ita a sayi wata. Masana ƙarfe suka ce ba ta yiwuwa, sai da wani injiniya, William Nickerson, ya gano yadda za a taurara fallen ƙarfe mai kaurin takarda a kuma fitar masa da kaifi. An kafa kamfanin a birnin Boston a 1901. A 1903, shekarar da aka fara sayarwa, gidan reza 51 da reza 168 kaɗai suka shiga hannun mutane. Yaƙin duniya na farko ne ya yaɗa ta, da gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta gidan reza wajen miliyan 3 da rabi. Rezar wancan zamani tana tsatsa da kwana ɗaya a jiƙe, har 1962, lokacin da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da ta ƙarfe marar tsatsa. A 1975 kamfanin Bic na Faransa, wanda sunansa ya zama sunan alƙalami a bakin ƴan makaranta, ya kawo ta roba wadda ake yarwa dungum.

Abin da ke ɓoye a bakin aska

Babban dalilin da ya sa ya kamata kowane gida ya san reza shi ne ciwon hanta mai lamba B. Afirka ta Yamma tana cikin sassan duniya da cutar ta fi yawa. Ƙwayarta tana bin jini, kuma tana iya kwana bakwai da ranta cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, ko da ido bai ga jinin ba. Ta fi ƙwayar sida saurin kama mutum ninki 50 zuwa 100. Wani in ta kama shi idonsa yana yin rawaya, a ce shawara ce, a nemi saiwa. Da yawa kuwa ba sa jin kome, suna noma suna fatauci shekara ashirin ko talatin, sai hanta ta ƙeƙashe, ciki ya kumbura, ko ciwon daji ya fito mata. A lokacin nan magani ya yi wuya.

Akwai abin da ya kamata iyaye su riƙe. Babban mutum in ya kamu, jikinsa yakan kore cutar, waɗanda take zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa in ya kamu cikin shekararsa ta farko, wajen 9 cikin 10 cutar tana zama da su muddin rai. Ke nan askin ranar suna, wanda ake yi wa ɗan kwana bakwai, ya fi kowane aski bukatar sabon ƙarfe. Nijar ta shigar da allurar rigakafin wannan ciwo cikin alluran yara a 2008, amma waɗanda aka haifa kafin nan mafi yawansu ba su samu ba, su ne kuwa magidantan yau masu zama gaban wanzami. Ban da ciwon hanta akwai sida, wadda aka fara gani a Nijar a 1987, akwai kuma makero da ke bin kawunan yara daga wannan zuwa wancan.

Goge aska a tsumma ba ya kashe ƙwayar cuta, ɗauraye ta da ruwan buta ma haka. Sai an tafasa ta minti 20, ko an jiƙa ta a ruwan Jabel. A garin da icen girki yake tsada, wanzamin da ke tsugune a kasuwa ba ya iya hura wuta tsakanin kai da kai. Sabuwar reza a takardarta, ta ƴan daloli, ta raba wannan gardama.

Zaɓen gidan reza

Mutane da yawa suna riƙe reza tsirara tsakanin yatsu su yi aski, su yanke fuska, su yanke yatsa. An yi mata gida ne don a kauce wa haka. Gidan reza mai sassa uku shi ne mafi sauƙi: akwai ƙota, akwai faranti na ƙasa, akwai murfi mai ƙusa a tsakiya. Ana ɗora reza a murfin, a rufa farantin, a murɗa ƙotar har ta kama. Murfin yana tanƙwara rezar kaɗan, gefen farantin kuma yana tare fata, bakin kaifin kawai yake leƙowa. Akwai wani iri mai buɗe baki kamar ƙofa biyu in an murɗa gindin ƙota. Yana da daɗin sa reza, sai dai rairayi yana shiga cikin injinsa, kuma a Gure rairayi ba ya neman izini kafin ya shiga ɗaki. Mai sassa uku ana warware shi a wanke kowane sashe, ba abin da zai lalace sai ƙusar.

A wurin saye, mutum ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Mai ɗan nauyi ya fi, domin nauyin ne yake aski. Na tagulla ko na ƙarfe marar tsatsa yana kai wa ɗa ya gada; na tutiya mai ƙyalli yana karyewa a wuyan ƙusa in ya faɗi, araha kuwa ba ta ado. A sa masa reza tun a gaban mai kanti a duba: bakin da ya leƙo dama ya yi daidai da na hagu, kada kuma rezar ta yi motsi bayan an ɗaure. In ta karkace, a ajiye a ɗauki wani. Farantin wani gefensa a shafe yake, na wani yana da haƙora kamar mashaci. Sabon shiga ya ɗauki mai shafaffen gefe. Mai haƙora na wanda gashinsa ya yi kwanaki ne, kuma hannunsa ya riga ya saba.

Rezar kanta ƙira ɗaya ce a duniya duka, ta Masar ko ta Indiya ko ta Turkiyya duk suna shiga gida ɗaya. Abin dubawa shi ne takardarta ta zo a liƙe, ba tabon tsatsa, an kuma rubuta cewa ƙarfen marar tsatsa ne. Kaifinsu ya bambanta, fatar mutane ma ta bambanta, don haka mai hankali yana gwada iri biyu ko uku kafin ya tsaya a kan ɗaya. Reza guda takan yi gyaran fuska uku zuwa biyar; askin kai kuwa yana cinye ta da wuri. Ranar da ta fara jan gashi maimakon yanka shi, aikinta ya ƙare.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai aski ma da ruwa yake farawa, ko ba gobara. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi minti biyu ko uku sai ya yi laushi. Rabin buta ya isa. A wanke wurin, a murza sabulu da buroshi ko da tafin hannu har kumfa ta yi kauri, a bar ta ta zauna kaɗan. Sabulun salo yana yi, sabulun wanki kuwa yana busar da fata. Sa'an nan a kwantar da murfin gidan rezar a jikin fata, a sauko da ƙota sannu-sannu har a ji kaifin ya fara cin gashi, wato kusan digiri 30. Kunne yana taya ido a nan, domin rezar da ke bisa daidai tana da ƴar ƙara mai kama da shara a kan tabarma. Kada a danna. A ja gajere-gajere, a juya ɗaya bakin in kumfa ta cika wannan, a ɗauraye. Jan reza a kaikaice, ta tsawon bakinta, shi ke tsaga fata.

Wajen da gashi ya kwanta nan ake bi. Wannan doka ta fi shafar baƙar fata, saboda gashin a murɗe yake tsirowa. In an aske shi ta baya, ko an ja fata an yanke shi ƙasa da bakin ramin da yake fitowa, sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata, ƙuraje su fito a wuya da haɓa. Sojoji da jandarmomi da sauran masu gyaran fuska kullum sun san wannan wahala. Reza mai baki uku ko biyar a jere tana ƙara ta, domin bakin farko yana jan gashin, na baya ya yanke shi can ƙasa. A nan tsohuwar reza ta fi sabuwar. Ƙeya ita ce wurin lura a askin kai: fatarta tana da ninki, ido kuma ba ya ganinta. Wanda ƙuraje suka fito wa a can ya dakata da aski har su warke, in sun fara tauri suna haɗewa ya je likita, don suna barin tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake tsirowa a kai.

In an gama a ɗauraye da ruwan sanyi. Alif, wanda ake sa wa ruwan tafki ya kwanta, yana tsayar da jinin ƙaramin yanka in an jiƙa shi an shafa. Amma shi ma kowa da nasa ƙulli, tun da jini yake taɓawa. Da hunturu, lokacin da fata take tsagewa, ɗan man kaɗe ya wadatar. A warware gidan rezar a shanya shi, musamman inda ruwan rijiya yake da gishiri ko kanwa.

Duk wannan bai kori wanzami ba, kuma ba mai iya aske ƙeyarsa da kyau kamar yadda gwani zai aske masa. Wanzamai da masu shagon aski da yawa sun riga sun koma karya reza biyu tun tana cikin takardarta, su sa rabi a wata ƙota mai naɗewa irin ta aska. Haƙƙin mai zama gabansu ne ya ga an buɗe takardar a idonsa, ko ya zo da tasa daga gida, ba kuwa cin fuska ba ne. Mai jego da angon ƙarni su tanadi sabuwa tun kafin ranar suna, kamar yadda ake tanadin rago da goro. Alhazai sun ga irin wannan a Mina, inda hukumomin Saudiyya suka wajabta wa masu aski sabuwar reza ga kowane mahajjaci.

Saura inda tsohuwar take zuwa. Rezar da aka jefa a tsakar gida rairayi yana rufe ta, ta jira ƙafar yaro marar takalmi. Wadda aka zuba a juji kuma akuya tana iya haɗiye ta tare da takarda. Yara suna tsintar ta su fere alƙalami ko su yanke farce. A sami gwangwanin tumatir ko na madara mai ƴar ƙofa, a riƙa jefa su ciki, a ajiye shi bisa inda hannun yaro ba ya kai. In ya cika a buge bakinsa da dutse ya rufe, a jefa shi cikin ramin salga, ko a kai shi gidan likita a haɗa da akwatin tsofaffin allurai.