Shigar da ƙabilun da ake bari a baya cikin binciken ciwon sukari

Ciwon sukari nau'i na biyu ba ya kama al'ummomi daidai wa daida. A Amurka ya fi yawa a tsakanin 'yan asalin ƙasar, da baƙar fata, da masu tushe daga Latin Amurka, fiye da yadda yake a tsakanin fararen fata. Duk da haka, shekaru da dama akasarin mutanen da ake gwada sababbin magunguna a jikinsu fararen fata ne. Sakamakon kowane bincike kuwa yana aiki ne a kan irin mutanen da aka bincika. Idan an bar wata al'umma a waje, likita zai riƙa ba ta magani da ma'aunin da aka auna a jikin wasu.

Illar hakan ta bayyana a gwaje-gwajen da ake yi kullum a asibiti. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, ta hanyar auna sukarin da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a tsakanin baƙar fatar Amurka, masu rukunin jini AS suna iya samun sakamako ƙasa da na masu AA alhali sukarinsu ɗaya ne. Wato mai cutar yana iya wucewa ba a gano shi ba. Wannan ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, har da ƙasar Hausa, inda masu ɗauke da ƙwayar sikila suke da yawa. Haka kuma an gano cewa 'yan asalin Asiya suna kamuwa da cutar tun jikinsu bai yi ƙiba sosai ba, shi ya sa a 2015 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta saukar da ma'aunin ƙibar da ake fara tantance su a kai daga 25 zuwa 23.

Babban abin da ke hana waɗannan al'ummomi shiga bincike shi ne rashin amana, kuma rashin yana da tushe. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi diddigin baƙar fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ta jihar Alabama, ba tare da yi musu magani ba, ko bayan da fanisilin ya samu. A fagen ciwon sukari kansa akwai labarin ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona. A farkon shekarun 1990 mutanenta sun ba masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona jininsu, bisa fahimtar cewa za a binciki dalilin yawan ciwon sukari a cikinsu. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen nazarin taɓin hankali, da auren dangi, da asalin inda kakanninsu suka fito. Shari'ar ta ƙare a 2010 da biyan diyyar dala 700,000 da mayar musu da ragowar jininsu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake, don haka labari irin wannan yakan rufe ƙofa ga masu binciken da suka zo daga baya.

Bayan amana akwai matsalolin yau da kullum. Mai aikin lada da ake biya bisa awa yana asarar kuɗi duk ranar da ya je asibitin bincike. Cibiyoyin sukan kasance a manyan jami'o'i, nesa da unguwannin talakawa da ƙauyuka. Takardar neman amincewa takan zo da Turanci mai nauyi. Sharuɗɗan shiga ma sukan cire masu ciwon ƙoda ko hawan jini mai tsanani, cututtukan da suka fi addabar waɗannan al'ummomi. Wasu kuwa ba a taɓa gayyatarsu ba sam.

A 1993 majalisar dokokin Amurka ta wajabta shigar da mata da ƙananan ƙabilu cikin binciken da hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, ke ɗaukar nauyinsa. Shirin Rigakafin Ciwon Sukari, wanda aka fi sani da DPP, yana cikin manyan binciken da suka biyo baya. An fara shi a 1996 a cibiyoyi 27, da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya haura amma bai kai matakin cuta ba, kuma kashi 45 cikin ɗari daga ƙananan ƙabilu suka fito. Sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki, haɗe da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin ɗari, maganin metfomin kuma ya rage ta da kashi 31. Saboda an shigar da kowane rukuni da yawa, an iya nuna cewa amfanin ya game dukkansu.

Hanyoyin da suka fi kawo mutane sanannu ne. Ana ɗaukar ma'aikata daga cikin al'ummar, masu jin harshenta. Ana kai tantancewa coci-coci da masallatai da asibitocin unguwa, a kuma buɗe cibiya da yamma ko ƙarshen mako. Ana biyan kuɗin mota da na lokacin da mutum ya ɓata. Shawarar abinci ana gina ta a kan abin da mutane suke ci a gidajensu. Mafi muhimmanci, ana zama da shugabannin al'umma tun kafin a tsara binciken, a rubuta iyakar abin da za a yi da jini da bayanai, a kuma dawo a faɗa wa jama'a sakamako. Wasu ƙabilun 'yan asalin Amurka, irin su Navajo, sun kafa kwamitocinsu na tantance bincike, kuma ba a taɓa mutanensu sai da izinin kwamitin.

Giɓin ya fi girma a binciken ƙwayoyin gado, inda mafi yawan samfuran duniya na masu tushe daga Turai ne. Binciken AADM, wanda Charles Rotimi ya jagoranta, ya tattara masu ciwon sukari daga Ibadan da Legas da Inugu da Accra da Kumasi domin cike wani ɓangare na wannan giɓi, kuma daga cikin sakamakonsa akwai gano alaƙar ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da cutar a tsakanin 'yan Afirka, wanda aka wallafa a 2019.