Fitilar Gargaɗi A Mota: Yadda Za A Gane Makanikin Ƙwarai

Masu motoci na Durun, cikin ƙasar Kabo, da 'yan'uwansu na Gwarzo, suna da wani kuka guda wanda a ke yawan ji a tasha. Wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kan kama a gaban direba. A kai mota gareji, a biya kuɗi, a kashe ta, bayan kwana biyu ko uku sai ga ta ta komo. Waɗansu har sun gaji sun liƙe ta da baƙin salatif. To, ga mutumin da motarsa ita ce mai kai hatsi Dawanau, ita ce kuma mai kai mara lafiya asibitin Gwarzo da tsakad dare, wannan ba abin wasa ba ne.

A zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, makaniki da kunne ya ke aiki. Ya saurari inji, ya taɓa kafireto, magana ta ƙare. Motocin yanzu kuwa suna da ƙwaƙwalwa, watau ƙaramar kwamfuta mai auna iska da mai da zafi da hayaƙi. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da a ke sayarwa a Amurka wani tsari mai suna OBD-II, ƙasashen Turai kuma suka bi a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka yawancin motocin da a ke kawo mana na hannu, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan a ke jona na'urar bincike, ƙwaƙwalwa ta faɗi abin da ta gani da lamba.

Sai dai fitilun ba darajarsu ɗaya ba. Ja mai siffar buta ta baƙin mai ce. Idan ta kama ana cikin tafiya, lalle a ratse a kashe inji nan take, domin mintoci kaɗan sun isa inji ya buga. Haka ta zafi. Mai siffar batir tana nufin caji ya tsaya, sau da yawa fanbel ne ko altaneta. Ruwan ɗorawar nan ita ce mai haƙuri: in ta tsaya cak, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Amma in tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙone mai sosai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa, kada a matsa wa motar.

Me ya sa ta ke komowa? Dalilin ba wuya. Wani makaniki ya kan cire kan batir na ɗan lokaci, ko ya share lambar da na'ura, fitila ta mutu, mai mota ya yi godiya ya tafi. Ita ƙwaƙwalwa kuwa, ga yawancin cututtuka, sai ta ga abu a tafiya biyu a jere kafin ta sake kunna fitila. Shi ya sa mota ta kan bar Kano lafiya lau, ta wuce Rimin Gado, ta kwana a gida, sa'an nan abin ya dawo. An kori manzo, saƙon yana nan.

Har wa yau, lambar ba ita ce cutar ba, alama ce kurum. P0300 tana cewa wuta na tsallake, amma ba ta ce fulogi ne, ko kwayil, ko nozul ba. P0171 tana cewa iska ta yi wa mai yawa, wanda zai iya zama tiyo ne ya tsage, ko famfon mai ya raunana, ko ƙurar hunturu ta rufe ma'aunin iska. Wanda ya karanta lamba ya ce a tafi Ƙofar Ruwa a sayo sabon ƙarfe, ba tare da ya gwada tsohon ba, caca ya ke yi da kuɗin mutane.

Waɗansu cututtukan ma a gareji a ke ɗauko su. Akwai al'adar cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. Inji ba zai kai zafin da aka ƙayyade masa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa fetur, ga shi kuwa tun da aka janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu, 2023 ba mai iya wasa da lita. Akwai kuma matatar hayaƙi ta cikin salansa, wadda a ke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, marasa tsoron Allah su kan fasa su ƙwaƙule ta, daga nan lamba P0420 ta zauna daram. Gurɓataccen mai shi ma yana da nasa laifi, kamar wanda aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, balle na jarka a bakin hanya.

To, yaya za a gane gwani? Ba da girman gareji ba, ba kuwa da mallakar na'ura ba, domin yanzu ƙaramarta ta yi araha, har da wayar hannu a ke haɗa ta. Gwani ya kan fara da tambaya: yaushe fitilar ta kama, da sanyin safiya ko bayan doguwar tafiya, a ina aka sha mai? Ya kan nuna wa mai mota lambar, ya bari ya rubuta ta. Ya kan gwada kafin ya sauya, ya mayar wa mutum tsohon ƙarfensa a hannu, ya kuma yarda a komo masa in fitila ta dawo. Wanda ya ce wannan aikin mai wayarin ne, ba nawa ba, ya cancanci a riƙe shi. Direbobin haya na hanyar Gwarzo sun san hannun kowa, a tambaye su, a kuma tambayi shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA.

Mai shirin sayen mota kuma, ga wata jarrabawa da ba ta cin ko kwabo. Ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba. Dukan fitilun su kan kama tare, su mutu bayan inji ya tashi. Idan ruwan ɗorawar nan ba ta kama ba sam, ya tambayi dillali wa ya cire ƙwanta.