Rumfar Manoman Amurka Da Lissafin Kuɗin Jin Ɗumi

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, yau za mu ɗan ajiye farashin gero da dawa, mu leƙa arewacin ƙasar Amurka, wajen jihohin Minesota da Wiskonsin, don akwai wani lissafi da manoman can ke yi wanda duk mai juya kuɗi zai gane shi nan da nan.

Manoman nan suna da wata irin rumfa babba. Dirkoki ake kafawa a ƙasa, a rufa da kwano, bangon ma kwano ne. Ta yaɗu ne a shekarun 1930, zamanin da kasuwa ta faɗi kuɗi suka yi wuya, sai manoma suka riƙa sayen tsofaffin falwayoyi suna kafawa. Ciki ake ajiye tarakta da ciyawar dabbobi da kayan gyara. To sanyin can kuwa ya wuce jaurar da muka sani. A garin Tower na Minesota, ran 2 ga Fabrairu 1996, sai da ma'auni ya sauka digiri 51 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Ko a rana ta yau da kullum cikin Janairu, mutum ba ya iya riƙe sifana da hannu tsirara.

Ga inda maganar take. Mai rumfa ba kwana yake yi a ciki ba. Ran Asabar ko Lahadi zai shiga gyaran inji, awa huɗu ko biyar, ya kulle ya tafi. Da me zai ɗumama ta?

Masu gini kan ce masa ya shimfiɗa bututun ruwan zafi ƙarƙashin daɓen siminti. Ɗumin nan babu kamarsa wajen daɗi, gaskiya ne. Amma tilas a sa bututun tun kafin a zuba siminti, jarinsa mai nauyi ne, kuma daɓen da ya yi mako yana shan sanyi yakan ɗauki wuni, wani lokaci har da kwana, kafin ya ɗau zafi. Watau ka kunna ran Juma'a don aikin Asabar, ka tafi ka bar siminti yana huce kuɗinka har Litinin. Idan kuma ka kashe shi gaba ɗaya, sai ka zuba maganin hana daskarewa cikin ruwan, in ba haka ba bututu ya fashe cikin daɓe. Wannan kaya ne na wanda ke buɗe wurin aikinsa kullum.

Sai mai araha, wanda kowa ke fara ɗauka: wani inji kamar bututun igwa a kan tayoyi, yana shan kananzir, fanka na hura wutar waje. Cikin 'yan mintoci wuri ya ɗau zafi. Amma araha ba ta ado. Ba shi da bututun fitar da hayaƙi, duk abin da ya ƙone cikin rumfar yake zama. Kowace litar kananzir da ta ƙone tana fitar da kamar lita guda ta ruwa, tururi. Tururin ya hau sama ya tarar da kwano mai sanyin ƙanƙara, ya koma raɓa, ya riƙa ɗiga bisa kayan aiki. Kafin sanyi ya wuce, zarto da sifanu sun yi ja da tsatsa. Wannan ƙaramar hasara ke nan. Babbar ita ce iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda kaskon gawayi ko janareta ke tarawa a ɗaki rufaffe, a wayi gari mutanen gida ba su tashi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa da ita a ƙasar kowace shekara, ban da na gobara. Maganinta a bar ƙofa a buɗe. To in ka buɗe ƙofa cikin wannan sanyi, wa kake ɗumamawa, kai ko filin gona?

Murhun ƙarfe na itace yana da masoya, musamman mai kurmi a bayan gida, tun da itacen kyauta ne. Sai dai kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda da shi inda ake ajiye mota ko man fetur, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana neman wuta. Kuma ba a kulle ƙofa a bar garwashi. Lantarki kuwa tsaf yake, ba hayaƙi, amma na'ura mai wat 5,000 ba ta wuce ɗaki guda.

A ganinmu wanda ya fi dacewa da mai shiga jefi-jefi shi ne na iskar gas da ake ratayewa a sama, mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Gas ɗin furofen suke kiransa, ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana iya tashi daga tanki har sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da daskarewa. Ka kunna, ɗumi ya zo da wuri. Ka kashe, bai ƙara cin ko kwabo ba, kuma babu ruwan da zai daskare. Inda rufin ke da tsawo ƙwarai, akwai irin mai dogon bututu wanda ke gasa mutum da daɓe kamar hantsi, maimakon ya tara zafi can sama wurin tantabaru.

Bari mu buga lissafi. Mudun da suke auna zafi da shi sunansa BTU. Galan ɗaya na furofen, watau lita huɗu ba kaɗan, yana ɗauke da wajen 91,500. Na'ura mai cin 75,000 a awa, in aka yi aiki Asabar 20, awa biyar-biyar, awa 100 ke nan, galan 82 ko ƙasa da haka. Mai wannan ɗan ci, ko an ce masa wata na'ura mai tsada za ta rage masa kashi ɗaya cikin goma, galan takwas aka rage masa a shekara. Yaushe jari zai dawo? Gara ya sa kuɗin wajen toshe kafofin ƙofa da yin silin, ko ya kewaye kusurwa guda da bango ya ɗumama ta kaɗai.

Saura lokacin saye, kuma nan ne dillalai za su yi murmushi. A kakar 2013 masarar yankin ta zo da yawa kuma da danshi, manoma suka ƙone furofen mai yawa wajen busar da ita. Sito bai cika ba sai ga sanyi mai tsanani. Kafin ƙarshen Janairun 2014, farashin galan a babbar matattarar gas ta Conway, jihar Kansas, ya tashi daga ƙasa da dala 2 ya kusa dala 5, masu rabawa suka koma ba kowa ɗan kaɗan. Wanda ya cika tankinsa tun watan Yuli, lokacin da masu gas ke neman mai saye, bai shiga wannan layi ba. Tanki mai galan 500 ana cika shi zuwa 400 ne kawai, don a bar wa gas wurin kumbura in rana ta yi zafi, kuma ga mai cin galan 82 wannan cikon guda ya ishe shi sanyin shekara huɗu har da saura.