Da Zan Koma Baya, Ayarin Gwanja Zan Bi

Da Allah zai ba ni ikon komawa wani zamani da ya shuɗe, a ce in zaɓi inda zan zauna, ba fadar sarki zan nufa ba. Bayan ganuwar Kano zan sauka, wajen shekarar 1850, da kaka an gama girbi, in nemi inda fatake ke ɗaurin kaya za su Gwanja saro goro. A cikinsu nake so in rayu, domin ayari gari ne sukutum mai tafiya da ƙafa, da shugabanninsa da dokokinsa.

Hanyar tsohuwa ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya hau mulki a 1438, aka buɗe ta. A zamanin da na zaɓa kuwa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke riƙe da ragamarta, ɗa ya gaji uba.

Falke ba ya tashi kara zube. Sai malamin ayari ya duba ranar sa'a, an yi sadaka, an shafa fatiha, kowa ya nemi gafarar iyalinsa, don tafiya ce ta wata shida har shekara, wani kuma tafiyarsa ke nan. Madugu uban tafiya shi ke da magana ta ƙarshe. Shi ke raba gardama, shi ke zuwa gaban sarkin kowace ƙasa da gaisuwa don a ba ayari hanya. Jagaba yana gaba yana duba turba da wurin sauka, uban dawaki kuma yana bi yana karɓar kason kowa na kuɗin fito. Jakuna da takarkarai suna ɗauke da kanwa, da baƙin turkuɗi mai ƙyalli na marinar Kura, da jar fata, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Haka za a yi ta niƙar gari zuwa Yawuri, a haye Kwara cikin jiragen fito, a ratsa Bargu da ke da 'yan fashi, a bi ta ƙasar Dagomba har Salaga, kasuwar goro ta Gwanja. Wani Bature mai suna Kilabatan ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ce mutanensa, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobinsu ma haka.

Abin da ya fi jan raina shi ne zango. Tun da duku-duku ake tashi, kafin rana ta take an sauka. Nan da nan samari sun watsu neman ciyawa da kirare, an kakkafa bukkoki, an ɗaure jakuna a tsakiya. Mata sun ɗora tukwane, kafin la'asar ana sayar da tuwo da fura kamar a kasuwar gari. A yi sahu a yi salla bayan malam, dare ya yi a raba gadi, don kura da ɓarawo ba sa barci. Wanda jakinsa ya faɗi a hanya, na kusa da shi ya ajiye nasa ya kama masa. Ba a tambayar ko ɗan wane gari ne.

A Salaga kowane falke yana da maigida. Shi ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, a yi ciniki da kuɗin wuri, a cire la'ada. Goron kansa daga dazuzzukan Asante ake kawo shi, Bahaushe a Salaga yake tsayawa ya jira. Ba zan ɓoye ba, a wannan kasuwar ana sayar da bayi, kuma da yawa cikin masu dakon ayari ba da son ransu suke tafe ba. Da na je, nan ne zuciyata za ta yi nauyi, zan kuma roƙi Allah ya tsare dukiyata daga cinikin ɗan'adam.

Dawowa ita ce jarrabawar. Goro ɗan lele ne, ba ya son rana, ba ya son iska. Ƙwarya-ƙwarya ake ƙirga shi, kowace ƙwarya guda 100, a jera shi cikin ganyen fita, a ɗaure huhu, a sa a waga. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata sauran, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wata da watanni ana wannan aiki kafin goro ɗaya ya isa kasuwar Kurmi, ya shiga ɗaurin aure ko zanen suna.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa garuruwa irin su Karachi da Kintampo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata, ɗan madugu daga Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara bin sabuwar hanyar. Ayari ya mutu, amma sunan masaukinsa bai mutu ba. Har yau a Kumasi da Ankara da Tamale, unguwar Hausawa Zango ake ce mata.