Ninka Awon Ruwan Gishiri da Sukari

Idan yaro yana zawo kuma ba ki da ƙunshin garin da ake bayarwa a asibiti, ki haɗa a gida: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowane cokali daidai baki.

Idan lita 2 za ki haɗa, ki ninka komai: sukari cokali 12, gishiri cokali 1. Rabin lita kuwa, sukari cokali 3, gishiri kwatan cokali.

Ga yadda za ki tabbatar: raba yawan sukari da yawan lita. In kin raba 12 gida 2, 6 ne, wato awon bai canza ba. Gishiri ma haka.

Gishiri mai yawa yana cutar da yaro. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Idan yaron ya kasa sha, ki kawo shi asibiti nan da nan.