Kwana uku na farko bayan yanke giya: nauyin da ke kan ma'aikatan jinya

A garuruwanmu mashayi ba ya faɗin yana sha, dangi ma rufe maganar suke yi. Sai a kwantar da mutum asibiti saboda karaya ko zazzaɓin cizon sauro, giyar ta yanke masa ba shiri, ma'aikata ba su sani ba.

Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, hannu kan fara karkarwa, ga gumi da amai, barci ya ƙaurace. Wasu kan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Haɗarin ya fi tsanani wajen kwana na 3: majinyaci ya ruɗe, yana ganin ƙwari a bango, zuciya na bugawa da sauri. Ƴan uwa sukan ce iskoki ne, su nemi fita da shi, alhali wannan hali yana iya kisa.

Shi ya sa ma'aikacin jinya ke keɓe majinyaci tun ranar farko, ya tambaye shi cikin mutunci yaushe ya sha na ƙarshe. Daga nan sai yawan awon jini da zafin jiki, diazepam bisa umarnin likita, bitamin B1 tare da ƙarin ruwa, da ɗaki shiru mai fitila.

Dangin da suka san gaskiya, su faɗa wa mai jinyar tun da wuri.