Sin a aljihun mutanen Bodinga da Shagari

Duk wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Tambuwal, ya tsaya a Bodinga ko Shagari, ya leƙa rumfar masu cajin waya, zai ga yawancin wayoyin da ke jere a kan tebur Tecno ne da itel da Infinix. Duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce: waya mai layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ke fito da baƙar fata sarai, sannan farashin da manomin albasa zai iya biya bayan kaka.

A can gida, kamfanonin intanet na Sin sun yi ƙiba ne a cikin shinge. Gwamnati ta toshe Facebook a 2009, Google ya janye a 2010, fili ya zama na 'yan gida. Tencent ya fito da WeChat a 2011, manhajar da ake hira da biyan kuɗi da kiran mota duk a cikinta. Amma WeChat bai samu karɓuwa a ƙasar Hausa ba. Gaisuwa da sanarwar suna da karatun malamai har yanzu ta WhatsApp na Amurka suke yawo, galibi da saƙon murya, tunda ba kowa ne ke rubutun boko ba.

Ta wasu ƙofofin Sinawan suka shigo. Wahalar takardun naira a farkon 2023 ta tura 'yan kasuwa da masu POS zuwa OPay da PalmPay, waɗanda jarin Sinawa ke bayansu. Sai kuma TikTok na kamfanin ByteDance, wanda ya ja malamai da mawaƙa da 'yan barkwanci fage guda.

A ganina, mun fi ɓata lokaci kan rawar TikTok, mun bar babbar tambaya. Wannan yankin, inda Shehu Usmanu ya zauna a garin Sifawa yana karantarwa, yau kuɗinsa da hotunansa suna bi ta manhajojin da ba a nan aka tsara su ba, kuma mai wayar da ya danna amincewa da sharuɗɗansu bai taɓa ganinsu da Hausa ba.